Yadda ake goge fatar toka da ke saura a jikin wuƙa bayan an cire fenti

Wuƙaƙen shiga daji irin na kamfanonin Ka-Bar da ESEE na Amurka galibi da baƙin fenti mai kauri suke fitowa. Ƙarfen ne ya jawo haka. Yawancinsu da ƙarfe mai lamba 1095 ake yin su, wanda ke ɗaukar kaifi ya kuma riƙe shi, amma ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Sai dai fentin yana da kaushi, yana cijewa in ana yanka, kuma ba kowa ke son sa wa nama wuƙar da fentinta ke ɓarewa ba. Shi ya sa masu su kan shafa maganin cire fenti su saɓule shi.

Da an wanke, mutum na jiran ya ga ƙarfe yana ƙyalli, sai ya tarar da wata fata toka-toka ta lulluɓe ruwan wuƙar, wani wuri duhu, wani wuri dabbare-dabbare. Kada ka ƙara zuba magani, asarar kuɗi ce. Fatar nan ko dai ɓawon da wuta ta bari ne lokacin da aka gasa ƙarfen don ya yi tauri, ko kuma shimfiɗar sinadarin fosfet da wasu masana'antu ke yi don fenti ya kama. Kowanne ne daga ciki, ya riga ya zama jiki ɗaya da ƙarfen, sai guga.

Fara da kwance mariƙin in na kusoshi ne, sannan ka rufe kaifin da salatif ninki biyu. Kwantar da wuƙar a kan katako, ka danne gindinta da maɗauri yadda ba za ta motsa ba, tsinin kuma kada ya leƙo waje.

Akwai masu jiƙa ta a binega na 'yan sa'o'i don fatar ta yi laushi. Yana rage aiki, gaskiya ne, amma tsamin yana cin kaifi, yana kuma baƙanta ƙarfen. In ka bi ta nan, ka wanke da ruwan bekin soda, ka tsane nan take, don tsatsa ba ta jira.

Aikin na sanfefa ne, irin wadda ake jiƙawa. Soma da lamba 120 in fatar ta yi kauri, ko 220 in sirirya ce. Naɗa sanfefar a jikin ɗan guntun katako mai lebur. Yatsa kaɗai ba ya yi, domin yana lotsawa, ya cinye layukan wuƙar, ta fito a dunƙule. Ɗiga mai kaɗan, ka riƙa gogawa daga gindi zuwa tsini, hanya ɗaya. Ba da jimawa ba za ka ga wani baƙin kwaɓi yana taruwa, to fatar ce ke tashi. Share shi da tsumma, ka ɗaga wuƙar wajen haske ka karkata ta: inda ya saura zai fito dishi-dishi, musamman lungun da ke kusa da mariƙi.

Kafin ka hau lamba ta gaba, canza hanyar gugar, ka ɗan gicciye ta farko. Ta haka ne kawai za ka gane ko zanen da mai kaushin ta bari ya fita. Wanda ya yi tsalle daga 120 zuwa 600 zai samu ƙyalli, amma da karce a ƙasansa. Bi a hankali, 220, 400, sai 600 in kana so. A ganina wuƙar aiki ta tsaya a 400 ya isa.

Abin da na fi hanawa shi ne giranda. Mai walda zai ce minti biyu ya gama maka, kuma zai gama ɗin. Amma zafi in ya wuce digiri 200 da ɗoriya, taurin ƙarfen ya fara saki, kuma bakin wuƙa siriri ne, shi ke fara ɗaukar zafi. Da ka ga launin ruwan ƙasa ko shuɗi ya fito, wurin ya riga ya yi laushi.

Za ka iya tarar da ƙananan ramuka da zanen inji da fenti ya ɓoye. Ƙyale su, binsu cin ƙarfe ne kawai.

In ka gama, wanke da sabulu, busar, cire salatif, ka wasa kaifin. Shafa mata mai kafin ka ajiye, wanda ake ci in wuƙar abinci ce. Kuma kada ka bar ta ta daɗe a cikin kuben fata, musamman da damina, domin fata na riƙe danshi.