Karayar Gurbin Ƙugu: Kada Mu Yi Jinkiri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na yau a kan wata karaya ce wadda ido ba ya gani, hannu kuma ba ya kai mata.

Mene ne gurbin ƙugu?

Ƙashin cinyarmu yana da kai mulmulalle. Wannan kai yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo, a jikin ƙashin ƙugu. A nan ƙafa take juyawa. A nan kuma nauyin jiki yake sauka idan muna tafiya ko noma. Fashewar wannan ƙoƙo ita ce karayar gurbin ƙugu.

Me ke kawo ta?

Bugu mai ƙarfi ne. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa, cike take da motoci da babura. Idan gwiwar mutum ta daki gaban mota, ƙarfin yakan bi cinya ya fasa gurbin. Haka ma faɗowa daga gawo wajen sassabo wa dabbobi ganye, ko kifewar amalanke. Tsoho kuwa, faɗuwa kaɗan ma ta isa.

Alamunta

Ciwo mai tsanani a ƙugu ko matsematsi, da kasa tsayuwa. Wani lokaci ƙafar takan gajarce ta juya ciki, alamar kan ƙashin ya goce daga gurbinsa.

Abin da za mu yi

1. Kada mu ja ƙafar, kada mu tayar da shi tsaye.
2. Mu kwantar da shi bisa katako ko ƙyaure. Kada mu ɗora shi bisa babur.
3. Mu kai shi asibiti mafi kusa nan take. Daga can za a tura shi Maraɗi, wurin likitocin ƙashi.

Muna girmama maɗora, amma wannan ƙashi yana can ciki, tsoka ta rufe shi. Kara da tsumma ba su ɗaure shi. Sai hoton asibiti ke nuna yadda ya fashe.

Aikin tiyata

Idan kan ƙashi ya goce, a fi so a mayar da shi cikin awa 6, don kada jini ya yanke masa ya mutu. Idan gutsattsarin ba su motsa ba, hutu da kulawa sun isa. Idan sun rabu fiye da milimita 2, sau da yawa sai tiyata. Likita yakan jera su daidai, ya riƙe su da farantin ƙarfe da kusoshi. Likitocin Faransa, Robert Judet da Emile Letournel, su suka bayyana ire-iren wannan karaya a 1964, kuma har yau ana bin tsarinsu.

An fi samun nasara idan aka yi aikin kafin mako 3. Bayan haka ƙashi ya fara kamawa a karkace. Wani bincike na 2012 kan majinyata 810 ya nuna kusan 8 cikin 10 na waɗanda aka yi wa aikin suna amfani da gaɓarsu bayan shekara 20, ba a sauya ta ba.

Jinya a gida

Majinyaci zai yi mako 8 zuwa 12 yana dogara sanduna, ba ya taka ƙafar da nauyi. Mu taimake shi motsa jiki yadda likita ya nuna. Mu ba shi wake da nono da ƙwai da zogale. Ya daina shan taba, domin tana hana ƙashi kamawa. Idan ciwon ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ta kumbura, mu koma asibiti. Komawa gona sai bayan watanni, da iznin likita. Mu yi masa gayya a damanar farko.

Tambayoyi

1. Me ya sa maɗori ba ya iya ɗora wannan karaya?
2. Cikin mako nawa ya kamata a yi tiyata?
3. Yaya za mu ɗauki majinyaci zuwa asibiti?