Nasiha ga Ɗana Mai Tafiya Koyar da Kiɗa a Mishigan

Ɗana,

Mahaifiyarka ta ce min takarda ta fito: Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor ta ɗauke ka karatun digiri na uku a fannin koyar da kiɗa, kuma za ka riƙa koyar da 'yan digirin farko a madadin kuɗin makaranta. Alhamdu lillahi. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Sauran 'yan uwa za su yi maka nasiha kan salla da abokan banza da rigar sanyi, kuma duk ka ji su. Ni tawa guda ce, ta shafi wani hali naka da na sani tun kana ɗan ƙarami: bakinka ba ya iya furta "a taimaka min".

Haka muka rene ku, ban ɗora maka laifi ba. Yaron kirki a wurinmu shi ne wanda in an ce masa ya aiki zai ce da godiya, ko da wuyansa na shirin karyewa. A gida wannan bai cika cutarwa ba, don akwai masu lura. Ka kwana biyu ba a gan ka a masallaci ba, wani zai leƙo. Fuskarka ta canza, gwaggonka za ta sa ka a gaba sai ka faɗi abin da ke damunka. A can babu mai leƙowa. Su a al'adarsu mai matsala shi ke magana, wanda ya yi shiru lafiyarsa ƙalau. Sun buɗe ofisoshi, sun ɗauki ma'aikata, suna biyan su albashi don su saurari irinka, sannan suka zauna suna jiran ka shigo. In ba ka shiga ba, kai ka yi asara, su albashinsu na tafiya.

Ka fara da sanin matsayinka. Kai ɗalibi ne kuma ma'aikaci ne a lokaci guda. Aikin da aka saba bai wa irinku rabin lokaci ne, wajen awa 20 a mako, kuma bizar ɗalibai ta F-1 ma ba ta yarda ka wuce awa 20 ba muddin ana cikin zangon karatu. A kan wannan ake yafe maka kuɗin makaranta, a yi maka inshorar lafiya, a ba ka albashin wata. Waɗanda za ka koyar kuwa malaman gobe ne, masu shirin riƙe ƙungiyar busa ko ta waƙa a firamare da sakandare. Dole kowannensu ya ɗan taɓa kowane kayan kiɗa, ko da ba nasa ba ne. Don haka kana iya samun kanka gaban aji cike da mawaƙa da masu fiyano, kowa riƙe da ƙahon tagulla a karon farko a rayuwarsa, ko a tura ka wata makaranta ka zauna a bayan aji kana duba ɗalibin da ke gwajin koyarwa. Iya kiɗa daban, iya koyar da shi daban, koyar da wanda zai koyar kuma wani abu ne na uku. Na farkon kaɗai na tabbata kana da shi.

Ka tuna yadda yaron makaɗi ke koyo a nan. Yana bin maigida biki da suna, yana ɗaukar ganga, yana amshi, shekara da shekaru. In ya kuskure bugu, harara ɗaya daga maigida ta ishe shi gyara. Kullum akwai idon da ya fi nasa a kansa. Kai kuwa ranar farko za a nuna maka ɗaki, a miƙa maka jerin sunaye, a rufe ƙofa. Farfesan da ke kula da kwas ɗin yana da nasa ayyukan, ba lallai ya leƙo ba sai zango ya yi nisa. Idon nan kai za ka nemo wa kanka.

Inda za ka same shi cibiya ce da suke kira CRLT a taƙaice, cibiyar nazarin koyo da koyarwa. An kafa ta a 1962, kuma ita ce irinta ta farko a jami'o'in Amurka. Su ke shirya taron share fage ga sababbin malamai-ɗalibai kafin a fara zango, wannan ka je ko ba a ce dole ba. Amma abin da na fi so ka nema shi ne wanda suke yi a tsakiyar zango. Kai za ka buƙata da kanka. Wani ma'aikacinsu zai zo ya zauna a bayan ajinka da littafin rubutu, ba ya cewa uffan, yana kallon wa ka kalla, wa ka manta, tsawon lokacin da ka ɗauka kana surutu alhali yara na riƙe da kayan busa suna jira su busa. Can wajen ƙarshen darasi sai ya ce ka fita. Zai raba ɗaliban ƙungiya-ƙungiya, ya tambaye su me ke taimaka musu a ajin nan, me kuma suke so a canza. Bayan kwana kaɗan ku zauna ku biyu, ya karanta maka abin da suka haɗu a kai, ba tare da sunan kowa ba. Maganar tsakaninku take tsayawa, ba rahoto ba ne da ake kai wa shugaban sashe.

Na san abin da zuciyarka za ta ce: yaya zan fita in bar yara su tattauna ni? A nan malami ba ya tambayar almajiri yadda yake ganin karatunsa. To ka sani, ko ka fita ko ba ka fita ba za su tattauna ka, kuma a ƙarshen zango jami'a za ta ba su takardar auna malami su cika, wadda ita kam sashe zai gani. Gara ka ji a mako na shida, lokacin da gyara zai yiwu. Kuma yawancin abin da ɗalibai ke faɗa ƙanana ne: yana magana yana fuskantar allo, yana ba da umarni uku a jere kafin mu gama na farko, ba mu san yadda ake ba da maki ba. Duk abin mako ɗaya ne a gyara. In ka dawo aji ka gaya musu ka ji, ga abin da za ka canza, ga wanda ba za ka canza ba da dalilinka. Wannan ba ya rage wa malami kwarjini a wurinsu. Cibiyar, tare da makarantar manyan digiri ta Rackham, tana kuma ba da takardar shaidar koyarwa ga wanda ya kammala wasu horo. Ka tattara ta a hankali, za ta yi maka rana lokacin neman aiki.

Sai batun harshe. Da Turanci ka yi digirinka, don haka mai yiwuwa ba za a tilasta maka jarrabawar magana ba. Duk da haka ka leƙa cibiyar Turancinsu, wadda ke aiki tun 1941, suna da darussan furuci da na magana a gaban aji. Turancinka ba shi da aibu, kunnensu ne bai saba da shi ba, kuma a fanninka akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Bahaushe na musanya p da f, a takardar kiɗa kuwa p na nufin a sassauta, f na nufin a buga da ƙarfi. Ka ce su rubuta ɗaya su ji ɗayan, sai ka ga rabin aji na raɗa, rabi na tsaga rufi. Ka riƙa rubutawa a allo. Haka sunayen tsawon sauti: a nan an koya maka crotchet da minim irin na Ingila, su kuwa da lissafi suke kiran su, kwata da rabi. Ka sauya bakinka tun kafin ka shiga aji. In yaro ya ce ka maimaita, ka maimaita kawai, ba raini ba ne. Haka in ya kira ka da sunanka tsagwaronsa, da hula a kai da kofin gahawa a hannu.

Kada tsoron takarda ya sa ka ɓoye abin da ka zo da shi. Yaran nan sun fara karanta kiɗa a rubuce tun suna firamare, wasu za su fi ka sauri a kai. Amma manyan hanyoyin koyar da kiɗa da za ka karanta, ta Kodály da ta Orff da ta Gordon, duk sun haɗu a kan cewa kunne ya riga ido, yaro ya ji ya rera kafin ya ga alama. Kai a cikin wannan ka tashi. Ka san yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata, ganga ta hau ta sauka tana bin karin magana har mai sauraro ya gane kirarin wa ake yi. Ka ga mai algaita ya cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci, busa ba ta yanke ba, abin da masu busa obo a can ke shan wuya kafin su iya, alhali kayan biyu dangin juna ne. Ka je ɗakin karatu na kiɗa a ginin Moore, ka gabatar da kanka ga ma'aikacin, ka ce kana neman abin da aka rubuta ko aka naɗa na kiɗan Hausa. Akwai ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, akwai kuma faya-fayan da Ames ya naɗa a ƙasar Hausa. Abin da ba su da shi za su aro maka daga wata jami'a. Jami'ar tana kuma da tarin kayan kiɗa na Stearns, sama da guda 2,500 daga sassan duniya. Ka je ka gani.

Dokoki biyu ka riƙe, don a nan ba mu saba da su ba. Akwai dokar tarayya ta 1974 da ta hana bayyana sakamakon ɗalibi ga wani, don haka babu liƙa maki da sunaye a allon sanarwa, kuma ko uban yaro ne ya buga waya ba za ka faɗa masa ba. Sannan in ɗalibi ya kawo takarda daga ofishin masu buƙata ta musamman cewa a ƙara masa lokacin jarrabawa, ka bi abin da ta ce, kada ka tambaye shi me ke damunsa. In ba ka ga yadda za a yi hakan a jarrabawar busa ko ta sauraro ba, ofishin za ka tambaya.

Jikinka kuma jarinka ne, musamman kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 awa takwas ce iyakarta a rana, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Aji cike da sababbin masu busa ƙaho a ƙaramin ɗaki ya wuce nan nesa. Akwai abin toshe kunne na makaɗa wanda ke rage ƙara bai ɓata sauti ba. Ka tambaya a asibitin jami'a, ka kuma sa a auna jinka tun farko don ka san inda ka faro. Kada ka riƙa ɗaga murya kan kayan busa, ka koya musu su tsaya da alamar hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne watan Disamba zuwa Fabrairu. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, ƙanƙara ta rufe ko'ina, ga takardun yara, ga naka karatun. Kuma na san ba za ka iya kawo kuka gida ba, don akwai waɗanda tun farko suka ce duk karatun duniya ka rasa na yi sai kiɗa, ba ka so su ce ai mun faɗa. Masallacin Ann Arbor na kan titin Plymouth, ba nisa da makarantarku, ka riƙa zuwa, ka zauna a gaisa bayan salla. In kuma ka ga barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, ka fara gudun mutane, akwai ofishin masu ba da shawara kan damuwa da suke kira CAPS. Ɗalibi ba ya biya, kuma sirri ne, malamanka ba za su sani ba. Zuwa wurinsu bai taɓa imaninka ba, kamar yadda zuwa wurin likitan haƙori bai taɓa shi ba. In aljihu ne ya bushe, akwai rumbun abinci na ɗalibai, Rackham kuma na da tallafin gaggawa. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje shi za ka tambaya kafin ka karɓi ko sisi na wasan biki ko koyar da wani a gida, don abin da kake gani ɗan taimako ne yana iya taɓa bizarka.

Saura lokacinka. Malamai-ɗalibai a Mishigan suna da ƙungiyar ƙwadago, GEO, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Ta yi yajin aiki a 1975, ta kuma yi na kusan wata biyar a 2023, wanda ya ƙare da ƙarin albashi na kashi 20 cikin 100 a shekara uku ga na Ann Arbor. Ban ce ka shiga gaba-gaba a rigima ba, kai baƙo ne. Amma ka karanta yarjejeniyar da suka sa wa hannu, don ita ta fayyace awoyinka da hutun rashin lafiyarka da hanyar kai ƙara. Irinka mai kunya shi ake jibga wa jera kujeru, kwafe takardu, rakiyar baƙi, kowa na cewa yaron kirki ne, har kundinsa ya kwanta. Ka sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta awa nawa ka yi a aji, nawa a shiri, nawa a duba aiki. In ka ga mako uku a jere ka haura abin da aka rubuta, ka nemi ganin farfesan cikin ladabi, ka buɗe littafin a gabansa, ka ce, "Ga yadda awoyina suke tafiya, wanne kake ganin zan rage?" Yawanci a nan maganar ke ƙarewa, don shi ma bai san sun kai haka ba. In ba ta ƙare ba, akwai wakilin ƙungiya a sashenku, akwai kuma ofishin sasanci na Rackham da ke sauraron irin wannan a asirce kafin ta zama ƙara.

Ka turo min jadawalin darussanka in ya fito, in ga wane aji suka ba ka.

Kawunka.