Ina za a saki kare ya yi gudu? Shawarwari ga masu kare a ƙasar Damagaram

A birnin Berkeley na Amurka, tun 1979 aka killace fili musamman don a kwance wa karnuka igiya su yi guje-guje. Mu nan Damagaram Takaya daji ne filinmu, sai dai dajin yana da masu shi: manomi, makiyayi da ma'aikatan gandun daji. Karen da ke ɗaure dare da rana kuwa yakan yi zafin rai, har ya fara kai wa 'yan gida cizo.

1. Ka duba lokacin shekara. Da damina, daga shuka har a kwashe hatsi da wake, kada ka sake shi kusa da gona. Bayan kaka, in hukuma ta ba da izinin sakin dabbobi a gonaki, fili ya samu. Da bazara kuma ka fita da shi bayan asuba ko gab da magariba, domin rairayin tsakar rana yana ƙona masa tafin ƙafa.

2. Nemi fako ko jigawa nesa da burtali da rijiyar shayar da dabbobi. A burtali da rijiya ne rigima take. Kare ya hango 'yan awaki ya bi, akuya ta karye, sai ga ku gaban mai gari ana maganar biya. Karnukan makiyaya ma ba su san wasa ba in baƙo ya doso garke. Haka bakin tafki irin na Gidimuni: masu lambu ba za su yafe maka ba in ya tattake musu shuka.

3. Kafin ka cire igiya, ka tabbata yana amsa kira. Fara a tsakar gida: ka yi fito, in ya zo ka ba shi ɗan ƙashi ko lomar tuwo. Wanda bai dawo ba a gida, in ya ga zomo sai dai ka bi sawu.

4. Allurar haukan kare ba abin jinkiri ba ce. Ana yi wa ɗan kwikwiyo da ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. A daji yana iya haɗuwa da dila ko karen da ba shi da mai shi. In ya ciji wani, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti ranar nan. Cutar in ta bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Yara ne suka fi shiga haɗarin, ga shi su ne kan ɓoye cizo don tsoron faɗa, saboda haka a tambaye su da lalama.

5. Riƙe gorar ruwa da tsohon kwano nasa shi kaɗai. Kada ya sa baki a butar alwalar mutane.

6. Yawo daban, farauta daban. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 tana nan, kuma in ma'aikacin gandun daji ya gan ka da zabo a rataye, zancen “karen ne ya kamo” ba zai fisshe ka ba.

7. Da kun dawo, zaunar da shi a inuwa ka buɗe tsakanin yatsunsa. Ƙarangiya da tsidau nan suke maƙalewa, wani lokaci har ƙayar aduwa. Leƙa cikin kunne da ƙarƙashin wuya don kaska; ka kama ta daf da fata ka ja a hankali, kar kanta ya tsinke a ciki.