Asalin Kuromosom na Jinsi a Macizai

A jikin ɗan Adam, namiji ne ke da kuromosom biyu mabambanta, X da Y. A macizai irin su kasa da kumurci kuwa, mace ce ke da su, wato Z da W. Tun da W ta daina musayar sassa da Z, sai ta riƙa rasa ƙwayoyin gadonta sannu a hankali.

A 1967 masani Susumu Ohno ya ɗauka cewa mesa ma ZW gare ta, sai dai nata ba su kai ga bambanta ba. An shekara 50 ana koyar da haka, malamai su lura, kafin Tony Gamble da abokan aikinsa su gano a 2017 cewa mesar Burma da boa ta Amurka ta Tsakiya XY gare su, kuma kowacce ta samar da nata ne daban.