Kalmomin Halin Zuci da Tasirinsu Wajen Kula da Lafiyar Hankalin Ɗalibai, Iyaye da Malamai a Makarantun Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Bahaushe yake ambaton abin da ke damunsa a zuci, da yadda ambaton yake sauƙaƙa ko hana taimaka wa ɗalibi da iyayensa da malaminsa a makaranta. An nazarci kalmomin da suka shafi hankali da zuciya da rai, sannan aka kalli matsayin iska da kunya da haƙuri. Hujjar maƙalar ita ce, kalmomin da hukumomi da kafafen yaɗa labarai suka fi amfani da su suna jingina kowace damuwa ga hauka, alhali harshen yana da kalmomin da iyaye za su karɓa ba tare da jin an aibata ɗansu ba.

1.0 Gabatarwa

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina. A watan Fabrairun 2021 aka ɗauke mutum 42 a Kagara ta jihar Neja: ɗalibai 27, ma'aikata 3, da iyalan ma'aikatan su 12. A ƙarshen watan ne kuma aka sace 'yan matan Jangebe a Zamfara, waɗanda aka sako su 279. Yaran Islamiyyar Tegina, waɗanda da yawansu ƙanana ne ƙwarai, sun yi kusan wata uku a daji. Duk lokacin da aka sako irin waɗannan yara, akan duba lafiyar jikinsu, a ɗauki hotunansu a gidan gwamnati, a miƙa su ga iyayensu. Abin da ke biyo baya a ɗakin kwana da cikin aji ba ya shiga labarai: yaron da ke zabura idan ya ji ƙarar babur, da yarinyar da ta koma fitsarin kwance tana da shekara goma sha uku.

Matsalar ta wuce satar ɗalibai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta hankali. A Nijeriya, sai a farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Tsarin ilimi na ƙasa kuwa tun 1977 ya yi tanadin malaman ba da shawara a makarantu. Doka da tsari dai da Turanci aka rubuta su, amma uwar da za a kira makaranta a kan ɗanta da Hausa za a yi mata magana. A nan ne masanin Hausa yake da abin cewa.

2.0 Inda Bahaushe Yake Ajiye Damuwa

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun saba da "lafiyar ƙwaƙwalwa" da "taɓin hankali". Kalmomin sun samu gindin zama, amma kowace tana ɗauke da kaya. A maganar yau da kullum, ƙwaƙwalwa wurin basira ce. Idan aka ce yaro "yana da ƙwaƙwalwa", ana nufin yana gane karatu. Idan aka ce "ƙwaƙwalwarsa ba ta ja", ana nufin daƙiƙi ne. Don haka malamin da ya ce wa uba ɗansa "yana da matsalar ƙwaƙwalwa" ya bar uban da fassara biyu, ko dai yaron dolo ne, ko kuma ya zautu. "Taɓin hankali" kuwa sakaya ce ta hauka, kamar yadda ake cewa wane "ya taɓu" ko "yana da motsi". Sakayar ba ta ɓoye komai, domin kowa ya san abin da ake nufi. Sunayen wuraren da asibitocin masu wannan larura suke, kamar Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato, sun zama abin tsokana a bakin yara. Ga kuma binciken aure: gidan da aka ce akwai hauka a cikinsa, 'ya'yansa mata ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Uban da ya ƙi amincewa da wannan suna ga 'yarsa yana da dalilin da ya fi jahilci ƙarfi.

Bahaushe ba a ƙwaƙwalwa yake ajiye damuwarsa ba. Yana ajiye ta a hankali da zuciya da rai da ciki da gaba, kuma kowanne yana da aikatau da yake tafiya da su. Hankali yakan tashi, yakan kwanta, yakan rabu, yakan gushe, yakan dawo. Zuciya takan tsinke, takan yi ƙunci, takan yi sanyi. Rai yakan ɓaci. Ciki yana da fari da baƙi, gaba kuma yakan faɗi. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan aikatau suna nuna hali ne mai juyawa. Abin da ya tashi zai iya kwantawa. Wanda aka ce hankalinsa ya tashi ba a fitar da shi daga sahun masu hankali ba, an dai ce wani abu ya same shi. A kwatanta waɗannan jimloli biyu:

(a) Hajiya, muna zargin yarinyar nan tana da taɓin hankali.

(b) Hajiya, tun abin nan da ya faru hankalin yarinyar nan bai kwanta ba. Tana yawan firgita, ba ta barci.

Jimla ta farko hukunci ce a kan yarinyar da danginta. Ta biyu bayani ne na abin da uwar ma ta gani da idonta a gida, kuma tana buɗe ƙofar tambayar me za a yi. Tsakanin kwanciyar hankali da gushewarsa akwai matakai da yawa da harshen ya bambance: damuwa, zulumi, fargaba, razana, firgici, ɗimuwa, gigicewa. Zulumi tsoron abin da bai zo ba ne, firgici kuwa sawun abin da ya riga ya faru. Ɗalibar da ke zulumin jarrabawa ko auren da ba ta so, da wadda ke firgita saboda ta kwana a daji, ba taimako iri ɗaya suke bukata ba, kuma Hausa ta raba su tun kafin likita ya gan su.

Wannan bai nufin a ɓoye larura mai tsanani a bayan kalmomi masu taushi. Yaron da ke jin muryoyin da babu su, ko wanda ya ambaci kashe kansa, asibiti ne wurinsa ba tare da jinkiri ba. Amma ko shi ma, iyayen da aka fara yi wa magana da jimla ta (b) sun fi kusa da yarda su kai shi.

3.0 Iska a Makarantun 'Yan Mata

A tsakiyar shekarun 1990, 'yan mata da dama a wasu makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu da shure-shure, aka danganta abin ga wata aljana da aka kira Sumbuka. Susan O'Brien da Conerly Casey sun yi rubutu a kan lamarin, Adeline Masquelier kuma ta nazarci makamancinsa a makarantun Jamhuriyar Nijar. Har yau abin bai daina aukuwa ba, musamman a makarantun kwana. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai ruƙiyya, idan abin ya yi yawa a tura yaran gida.

Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yi hukunci a kan samuwar aljannu, wanda abu ne da ya tabbata a aƙidar yawancin iyayen yaran da malamansu. Abin da ya shafe ta shi ne aikin da kalmar "iska" take yi a zamantakewa. Wanda iska ta buge ba shi da laifi, kuma ba a ɗora wa danginsa tabon gado kamar yadda ake yi wa hauka. Saboda haka iyaye sukan fi karɓar wannan bayani da sauƙi. Illarsa kuma ita ce, yakan rufe tambaya. Da zarar an ce iska ce, ba a cika tambayar me yarinyar take ci ba, ko wa yake dukanta a ɗakin kwana, ko wane labari ya zo mata daga gida. Haka nan farfaɗiya, wadda take da magani a asibiti, takan ɓuya a ƙarƙashin wannan suna shekara da shekaru. A ganina, malamin da ya yi ƙoƙarin hana ruƙiyya zai rasa amanar iyaye a banza. Abin da ya fi amfani shi ne a bar addu'a ta yi tafiyarta, amma kada ta hana a zauna da yarinyar bayan ta farfaɗo a ji ta bakinta, a kuma kai ta a auna ta.

4.0 Kunya da Haƙuri

A cikin ɗabi'un da Kirk-Greene ya lissafa a 1974 a matsayin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe akwai kunya da haƙuri. Dukansu abin yabo ne, kuma dukansu suna da hannu a shirun da yara ke yi.

Tsarin ba da shawara da aka aro daga ƙasashen Turai yana ɗauka cewa yaro zai zauna gaba da gaba da babba, ya kalle shi, ya zayyana abin da ke ransa, sannan a kira uwa da uba a tattauna. Yaron da aka tarbiyyantar a gidan Bahaushe an koya masa sunkuyar da kai a gaban babba, amsarsa kuma ga kowace tambaya ita ce "ba komai". Ɗan fari ma, akwai gidajen da har yanzu uwarsa ba ta faɗin sunansa, balle ta zauna a ofishin shugaban makaranta ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Malamin da bai san wannan ba zai rubuta cewa uwar ba ta kula. Sai dai al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wasu. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma inda wasa yake magana tana fita. Akwai goggo da inna da kawu, akwai uwar goyo, akwai yayar da ta girme ta da 'yan shekaru. Takardar shiga makaranta tana tambayar sunan uba ko mariƙi ne kawai. Da za a ƙara tambayar wane ne yaron ya fi sakewa da shi a gida, da an sami wanda za a kira ranar da aka ga ya yi tagumi ya daina cin abinci.

Haƙuri kuwa ya fi wuyar sha'ani. "Yi haƙuri" ita ce kalmar farko da ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, da wanda aka zalunta, da wanda ya faɗi jarrabawa. Wani lokaci ta'aziyya ce, wani lokaci kuma umarni ne na a yi shiru. Ɗalibin da ya fara ba da labarin abin da ya gani a daji, aka tare shi da "ka yi haƙuri, ya wuce, kada ka ƙara tunawa", ya fahimci cewa ba a son jin sauran. Alhali haƙurin da addini ya koyar bai hana bayyana baƙin ciki ba. Ƙissar Annabi Yakubu a cikin Suratu Yusuf ta nuna mai haƙurin da baƙin cikin rabuwa da ɗa ya taɓa masa gani, kuma ingantattun hadisai sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Malaman Islamiyya sun san waɗannan sarai, kuma da su za a fi saurin gamsar da uban da ke ganin kukan ɗansa raunin imani ne. Matsalar a jerin magana take: idan "yi haƙuri" ta zo bayan an saurara, magani ce.

5.0 Malamin da Ba a Tambaya

Alƙaluman Kagara sun nuna cewa 15 daga cikin mutum 42 da aka sace ma'aikata ne da iyalansu. Duk da haka, idan ana maganar tallafi, ɗalibai kawai ake nufi. Malamin da ya tsira daga hari ana sa ran ya koma aji ya kwantar wa yara hankali, shi kuwa nasa bai kwanta ba. Ko inda babu hari, malamin da ke tsaye gaban cunkoson yara da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata yana ɗauke da nauyin da harshen girma bai ba shi damar ambata ba. Namiji ne, babba ne, malam ne: kowane ɗaya daga cikin ukun yana hana shi cewa gabansa na faɗuwa. Abin da zai iya faɗa ba tare da zubar da girma ba shi ne "gajiya", ko "hawan jini", ko "ciwon kai". Sau da yawa kuma abin da bai faɗa ba a jikin yara yake sauka ta hanyar bulala.

Ya kamata shugaban makaranta ya ɗauki "na gaji" da muhimmanci idan ta yawaita a bakin malami guda, kamar yadda zai ɗauki tagumin ɗalibi. Malamai suna da wuraren da suke sakin jiki da juna, wato adashi da zumuncin biki da zaman inuwa bayan sallar azahar. Tambayar "yaya ka kwana da abin nan?" daga abokin aiki a irin wannan zama ta fi kiran ofis samun amsa, domin a ofis malamin zai ɗauka ana neman laifinsa ne a rubuta a fayil.