Kafin Ka Karɓi Makullin Mota

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini kwanakin nan ba ka da zance sai na mota. Ta ce hankalinka ya rabu biyu: ko ka kwashe ɗan abin da ka tara ka sayi tokumbo, ko ka karɓi wadda wani alhaji ya yi maka tayi, ka riƙa biyansa duk mako har ta zama taka. Na ji daɗi da ka tsaya neman shawara. Zauna ka ji abin da shekaru suka koya mini, daga nan sai ka yi istihara ka zaɓa.

Na fara riƙe sitiyari zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa dal daga kamfanin haɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Tun a lokacin na gane cewa mota halin doki gare ta. Kuɗin doki sau ɗaya ake biya, harawa da dusa kuwa kullum ne. Don haka kafin ka tambayi dillali nawa ne, tambayi kanka me za ta ci a wata. Akwai fetur, akwai juyen baƙin mai, akwai taya da birki da batir, ga inshora da sabunta takardu duk shekara, ga kuma ranar da za ta tsaya maka a tsakiyar titi sai an nemo bakanike.

Ka tuna abin da ya faru a gaban idonka. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dala ma ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Kusan duk kayan gyaran da za ka je nema a kasuwar Ƙofar Ruwa daga waje ake shigo da su, da dala. Shi ya sa ka ga motoci da yawa a lulluɓe da tamfol a ƙofar gidaje. Masu su sun iya saye, ciyarwa ce ta gagara.

Idan saye za ka yi, alherinsa a fili yake. Abinka naka ne, ba mai buga maka waya ranar Asabar yana tambayar kuɗinsa, in ta matsa kuma ka sayar ka rufa wa kanka asiri. Sai dai kada ka zuba duk abin da ka mallaka a kanta. Ka bar wani abu a gefe domin gyaran farko, don tokumbo ba ta rasa abin da take ɓoyewa. Ka tafi da bakanikenka, wanda ba ya cin la'ada a cinikin, ya duba inji da giya, ya leƙa ƙarƙashinta ko ta taɓa hatsari ko ta sha ruwa. Ka tabbatar takardun kwastan na gaskiya ne, lambar da ke jikin motar kuma ta yi daidai da ta takarda. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka wadda aka ce maka ta biyo ta Kwatano kuma ga ta da sauƙin kuɗi, ka yi hattara. Araha ba ta ado. Sannan ka zaɓi motar da kowane gareji ya san ta, irin su Corolla, wadda ko a ƙauye ta lalace za ka samu mai gyara.

Ita kuwa ta biya sannu-sannu, a nan nake so ka buɗe kunnenka, domin ta taɓa ƙona ni. Na karɓi mota a hannun wani mutum da muke sallah a masallaci ɗaya, a kan zan riƙa kai masa balas duk mako na shekara ɗaya da rabi. Kunya ta hana ni cewa a rubuta. Na biya wata goma sha huɗu ba fashi, sai ciwo ya kwantar da ni mako shida. Ina kwance ya aiko aka karɓi makulli. Da na tashi na je, ya ce ai duk abin da na biya kuɗin haya ne. Ba takarda, ba shaida. Na yafe masa, amma laifin farko nawa ne, don ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

In har wannan hanyar za ka bi, a zauna a rubuta komai a gaban shaidu. Nawa ne jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe? Ka ɗora shi kusa da farashinta na kuɗi hannu, ka ga tazarar da idonka. In inji ya buga, wa zai saya? In aka yi hatsari ko aka sace ta, asarar wa? In ka yi jinya ka kasa biya, kwana nawa za a ɗaga maka, kuma ina makomar abin da ka riga ka biya? Wace rana za a sauya takardu su koma sunanka? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ya riga ya ba ka amsa.

Ka kuma kiyayi riba. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsari biyu da ya kamata ka sani. A murabaha, su za su sayi motar su sayar maka da ribar ciniki da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi, bashin kuma ba ya ƙaruwa. A ijara, motar tasu ce kai kana haya, don haka nauyin mallaka yana wuyansu har ranar da za ta dawo hannunka. Ko da mutum ɗaya za ku yi yarjejeniya, ka nemi malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba muku.

Saura tambaya ɗaya, kuma kai kaɗai za ka amsa ta. Motar nan nema za ta yi maka, ko ado? In za ka fita da ita haya ne, tana kawo abin da zai biya balas, ya sayi mai, ya bar na cefane da na gyara, to karɓar ta a biya sannu-sannu na iya zama tsani. In kuwa don zuwa ofis da ɗaurin aure ne, kada ka ɗaura wa albashinka dutse. Ka ci gaba da hawa babur ɗinka, ranar da buƙata ta taso ka ɗauki shata, ka yi ta tari har ka iya sayen daidai ƙarfinka. Sannu ba ta hana zuwa.

Ni dai burina in ga ka kwanta barci ba ka tsoron ƙarar waya. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare ka a hanya, ya sa albarka a abin da za ka hau. Ka gaida mai ɗakinka da yara.