Idan manhajar da ka saya ba ita aka tallata maka ba

Abu na farko, kada fushi ya sa ka goge komai. Ɗauki hoton tallar da ta ja ka, da rasit ɗin da aka turo maka ta imel, da saƙon cire kuɗi daga banki. Masu irin wannan ciniki sukan sauya tallar da zarar ƙorafi ya yi yawa.

Sai ka hanzarta, domin lokaci ake bi. A Google Play, wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa cikin awa 48 ya fi samun biyan buƙata. Bayan haka galibi sai a tura ka wajen mai manhajar, shi kuwa ba lallai ya kula ka ba. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, na karɓar ƙorafi cikin kwana 14, muddin ba ka yi wasan fiye da awa 2 ba. Wajen rubuta dalili, bar dogon labari: ga abin da aka ce tana yi, ga abin da na tarar.

Inda mutane suka fi cutuwa shi ne biyan wata-wata. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cire kuɗi, sai ka shiga asusunka ka soke rajistar da hannunka.

In kamfani ya yi kunnen uwar shegu, je bankinka da hujjojin nan ka nemi su ƙalubalanci cinikin ta hanyar Visa ko Mastercard. A Najeriya, idan banki ya yi mako biyu bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya.